Fashin baƙi: me ya sa hasashen masana kan NBA yake yawan rushewa?

Duk shekara da watan Oktoba ya kama, tun ba a buga ko wasa ɗaya ba a gasar ƙwallon kwando ta NBA, sai ka ga masana sun gama raba gado, wannan ƙungiya ce za ta ɗauki kofi, waccan ko ƙofar zagaye na gaba ba za ta leƙa ba, wane zai zama gwarzon shekara, wane kuma ya tsufa a sallame shi kawai. Sai Afrilu ta zagayo ka koma ka duba abin da suka faɗa ka ga an yi hannun riga, waɗanda aka gama yi wa jana'iza su ne a sama, waɗanda aka naɗa wa rawani kuma suna gida suna kallo a talabijin irin ni da kai. To wai masanan ne ba su san aikinsu ba, ko sa'a ce zalla, ko kuwa maganar wani abokina ce da kullum yake faɗa a teburin mai shayi, wai duk shiri ne, an gama rubuta komai tun kafin a jefa ƙwallo sama?

Wai shi hasashen nan wa ke yin sa?

Ga wanda ƙwallon ƙafa kawai ya sani, bari mu ɗan share fage. NBA ƙungiyoyi 30 ne, 15 a shiyyar gabas 15 a shiyyar yamma, kowacce tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, kuma babu canjaras, ko ka ci ko a ci ka. Shida na sama a kowace shiyya suna wucewa kai tsaye zuwa zagayen fidda gwani, na 7 zuwa na 10 kuma sai sun yi wani ɗan wasan neman gurbi don cike kujeru biyu da suka rage. Daga nan duk haɗuwa sai wanda ya fara cin wasa 4 cikin 7.

Hasashen kuma ba daga baki ɗaya yake fitowa ba. Akwai na 'yan jarida da tsofaffin 'yan wasa, akwai ƙuri'ar da shafin NBA yake tarawa daga manajojin ƙungiyoyi duk shekara kafin a fara, sannan akwai wanda ya fi kowanne tasiri, wato lambar da kamfanonin caca suke yankawa kowace ƙungiya, a ce misali wance za ta ci wasa 45 da rabi, kai kuma ka zaɓi sama ko ƙasa. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, suna ɗauka lambar nan duba ce aka buga. A'a, farashi ne, kamar yadda dillali yake yanka kuɗin sa a kara, yana kallon lafiyar dabbar amma yana kuma kallon aljihun masu saye da abin da suke so. Ƙungiyar da ke da magoya baya ko'ina a duniya kuɗi na kwarara kanta ko tana da kyau ko ba ta da shi, ƙungiyar ƙaramin gari kuwa ba mai damuwa da ita.

Sannan duk hasashen nan da abu biyu ake gina shi, sakamakon bara da sunayen da ke cikin takarda. Duka biyun labarin jiya ne.

Detroit, daga abin dariya zuwa abin tsoro

A kakar 2023-24 Detroit Pistons wasa 14 kacal suka ci, aka doke su sau 68, har da wani jere na rashin nasara 28 ba hutu, wanda ba a taɓa yin irinsa cikin kaka guda ba. Sai ranar 30 ga Disamba 2023 suka samu suka ci Toronto da ƙyar, aka yi ta murna kamar an ɗauki kofi. Ni a lokacin idan na ga wasansu ne ko ƙararrawar waya ba na saitawa, wa zai tashi ƙarfe ɗayan dare don ya kalli ana yanka rago. Da aka zo kaka ta gaba kowa ya ajiye su a wasa 20 da 'yan kai, sai ga shi sun ci 44, sun zo na 6 a gabas, sun ninka nasarorinsu fiye da sau uku, suka shiga zagayen fidda gwani suka ba New York Knicks wahala kafin a fitar da su 4-2.

Me ya canja? Ba wani babban tauraro suka sayo ba. Sun sallami koci Monty Williams bayan shekara ɗaya tak duk da maƙudan kuɗin da suka rage a kwantiraginsa, suka kawo J.B. Bickerstaff, sannan suka ɗauko manya masu hankali irin su Tobias Harris da Malik Beasley da Tim Hardaway Jr, mutanen da idan ka ba su ƙwallo daga nesa za su jefa ta shiga. Wannan shi ne sirrin da lissafin bara ba ya iya gani. Tauraronsu Cade Cunningham da ma yana da kyau, amma a baya duk lokacin da ya ɗauki ƙwallo mutum biyu uku ke rufe shi saboda ba a tsoron sauran abokan wasansa, da aka kewaye shi da masu jifan maki uku, wato jifa daga nesa, sai fili ya buɗe, yaron da ake cewa an yi asarar lamba ta ɗaya ta zaɓen sababbin matasa a kansa ya zama cikin zaɓaɓɓun taurarin gasar. A wasan da mutum biyar ne kawai a fili, canja mutum biyu ko uku tamkar canja rabin gida ne, ba kamar ƙwallon ƙafa ba da mutum ɗaya zai iya ɓacewa cikin goma sha ɗaya.

Ga kuma shekaru. Ɗan shekara 21 ko 22 ba ya tsayawa inda ka bar shi bara, sai dai ba wanda ya san daidai shekarar da zai yi tsalle. Oklahoma City haka suka yi, nasara 40 a 2022-23, sai 57 da matsayi na ɗaya a yamma da yara ƙanana, sai 68 da kofi a 2025. Houston ma a hannun Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma ya taɓa buga wa D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwandon Najeriya, daga 22 kafin zuwansa suka koma 41, suka koma 52.

Suna ba ya jefa ƙwallo a kwando

Ɗaya gefen kuma, wanda ni ya fi ba ni dariya, shi ne na manyan gidaje da ake gama ba su kofi tun a takarda. A 2021 Los Angeles Lakers suka tara LeBron James da Anthony Davis da Russell Westbrook da Carmelo Anthony, Brooklyn Nets kuma suna da Kevin Durant da Kyrie Irving da James Harden, kusan kowa ya ce su biyun za su haɗu a wasan ƙarshe, saura duk 'yan rakiya ne. Lakers suka ƙare da 33-49, wato sun ci 33 an ci su 49, ko wasan neman gurbi ba su samu ba. Nets kuwa Kyrie ya ƙi allurar korona, dokar birnin New York ta hana shi buga wasannin gida na tsawon watanni, Harden ya gaji aka sayar da shi a Fabrairu, Boston ta share su 4-0 a zagayen farko.

Matsalar Lakers ba ɓoyayya ba ce, ƙwallo ɗaya ce a fili, LeBron yana son ta a hannunsa, Westbrook ma idan ba ta hannunsa ba shi da amfani sosai tunda ba gwanin jifa daga nesa ba ne, kuma don a kawo shi sai da aka rabu da masu aikin wahala, masu tsaro da gudu. An tara sarakai ba a bar dogari ko ɗaya ba. Phoenix ma sun maimaita wannan a 2024-25, Durant da Devin Booker da Bradley Beal, albashin da ya fi na kowa a gasar, sakamako 36-46.

Sai rauni, wanda shi ne babban mai yaga takardar hasashe. Philadelphia sun ɗauko Paul George a 2024 suka haɗa shi da Joel Embiid ɗan asalin Kamaru, aka ce to Boston mai riƙe da kofi ta samu kishiya. Gwiwar Embiid ta ce ba ta san zancen ba, wasa 19 kawai ya buga duk kakar, suka ƙare da 24-58. Kuma dokar albashi da aka sabunta a 2023 ta ƙara tsananta abin, ƙungiyar da ta wuce wani mataki na kashe kuɗi ana ɗaure mata hannu wajen musayar 'yan wasa da ɗaukar sababbi, to idan ka zuba duk dukiyarka kan mutum uku ɗaya ya kwanta, ba ka da abin cike gurbi. Yana cikin dalilan da suka sa daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban suka ɗauki kofi, ba wadda ta maimaita.

Yaran da aka raina ranar zaɓe

Su ma 'yan wasa ɗaiɗaiku haka abin yake. Duk shekara akwai ranar da ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin matasa, mutum 60 a zagaye biyu, kuma lambar da aka ɗauke ka ita ce hasashen farko da ake liƙa maka a goshi. A 2014 lokacin da Denver ta ɗauki wani yaro mai jiki daga Sabiya a lamba ta 41, tashar da ke nuna zaɓen tana cikin tallar abincin Taco Bell, sunansa kawai ya gilma a ƙasan allo, shi kuma yana can gida yana barci. Nikola Jokic ke nan, gwarzon gasar sau uku, 2021 da 2022 da 2024, ga kofin 2023. Mutum 40 aka ɗauka kafin shi fa.

Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Atina ta ƙasar Girka, wanda yana yaro har talla ya yi a titi don taimakon gida, lamba ta 15 aka ɗauke shi a 2013, siriri kamar sillen kara, daga ƙaramar gasa ta Girka da ba mai kallo. Ya zama gwarzo a 2019 da 2020, a 2021 ya zuba maki 50 a wasan da ya ba Milwaukee kofi. Pascal Siakam na Douala sai da ya kusa gama sakandare ya fara wasan da gaske, lamba ta 27 a 2016, bayan shekara uku yana riƙe da kofi a Toronto.

Abin da ya haɗa su, dukkansu sun fito daga inda masu farautar 'yan wasa ba su cika zuba ido ba a lokacin, kuma abin da ya ɗaga su ba ya aunuwa da tef ko agogo. Za ka iya auna tsawon hannu da tsalle, amma wa zai auna maka yadda yaro zai yi naci shekara biyar a jere, ko yadda kansa ke karanta fili kafin kowa ya motsa.

Wanne ne na gaske, wanne ne wutar kara?

Nan ne ya kamata mai kallo ya yi hattara, don ba duk ba-zata ce ke ɗorewa ba. A 2022 Utah Jazz suka sayar da manyansu biyu, Rudy Gobert da Donovan Mitchell, kowa ya ce da gangan suke son faɗuwa ƙasa don su samu Victor Wembanyama na Faransa a zaɓe mai zuwa, tunda na ƙasa ne suka fi samun damar lamba ta ɗaya. Sai suka fara kaka da cin 10 cikin 13, suna saman yamma, aka yi ta rubuce-rubuce. Ƙarshe 37-45, ba su je ko'ina ba. Sun wuce abin da aka yanka musu, ɗan wasansu Lauri Markkanen ma ya fito da gaske, amma waccan guguwar ta farko wutar kara ce.

Masu lissafi suna da wata hanya mai sauƙi ta tantancewa, ba sa kallon yawan nasara kawai, suna kallon tazarar maki. A ce ƙungiya biyu kowacce ta ci 12 cikin 18, ɗaya tana cin mutane da tazarar 15 ana cin ta da 3, ɗaya kuma tana tsira da maki 1 ko 2 a sakan na ƙarshe amma ranar da aka kama ta sai a yi mata 20, to ta farkon ce mai ƙarfi, ta biyun bashi take ci kuma za a zo karɓa. Wasan da ya rage maki biyu a minti na ƙarshe kusan kamar jefa kwabo sama ne, yau kai gobe wani. Haka jifan maki uku, ƙungiya za ta iya yin wata guda hannunta na zafi duk abin da ta jefa sai ya shiga, sannan ya huce.

Sacramento Kings misali ne mai ɗan ciwo. Shekara 16 ba su shiga zagayen fidda gwani ba, sai Mike Brown ya zo a 2022, shi ne dai kocin da ya ja D'Tigers suka doke Amurka 90-87 a wasan sada zumunci a Las Vegas a Yulin 2021, ya kai su 48-34 da matsayi na 3, aka ba shi gwarzon koci ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce ba. Kaka ta gaba sun ci 46, wato biyu kawai suka ragu, amma sauran ƙungiyoyin yamma sun warke sun ƙara ƙarfi, sai suka tsinci kansu a na 9 aka fitar da su a wasan neman gurbi. Disamba 2024 aka kore shi. Nasarar ba-zata tana da wannan sharrin, da ka yi ta sau ɗaya ta zama ma'aunin da za a riƙa auna ka da shi.

Amma masu lissafin ma ana kunyata su

Kada kuma a ɗauka masu kwamfuta sun gama gano komai. Miami Heat a 2023 duk lissafi ya ce ba su da kyau, a tsawon kaka makin da aka zura musu ya ɗan fi wanda suka zura, wasan neman gurbi na farko ma Atlanta ta doke su, da ƙyar suka shiga a na 8. Sai suka fitar da Milwaukee mai matsayi na ɗaya 4-1, Jimmy Butler ya zuba 56 a wasa ɗaya, suka wuce Knicks, suka ci Boston a wasa na 7, sai a wasan ƙarshe Denver ta tsayar da su. Kuma cikin masu ɗaukar nauyin har da waɗanda ko zaɓarsu ba a yi ba ranar zaɓe, irin Gabe Vincent na D'Tigers da Caleb Martin da Max Strus. Masu lissafi suka ce ai Giannis ya ji ciwon baya a wasan farko kuma hannun Miami ne ya yi zafi, tsofaffin 'yan wasa suka ce a'a zuciya ce da horon kocinsu Erik Spoelstra. Ni dai ina ganin kowa ya riƙe rabin gaskiya ne yana ɗaga murya. Tsofaffi za su tuna Hakeem Olajuwon da Houston a 1995, daga na 6 suka ɗauki kofi, har yau ba wanda ya ɗauka daga ƙasa da haka.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Indiana Pacers a 2025. Sun fara da 10-15, ba mai maganarsu, suka farfaɗo suka ƙare 50-32. A watan Afrilu wata ƙuri'ar sirri da jaridar The Athletic ta yi tsakanin 'yan wasa ta fitar da Tyrese Haliburton a matsayin wanda aka fi zuzutawa fiye da ƙimarsa, shi ne kuma wanda Sacramento ta bayar a 2022 don ta karɓi Domantas Sabonis. A zagayen fidda gwani, wasan farko da Knicks a New York, saura kaɗan a tashi ana binsu maki biyu, ya kutsa ciki ya ja da baya ya jefa, ƙwallon ta bugi bayan ƙarfen kwando ta tashi sama sosai kamar ta tafi ke nan, ta dawo ta faɗa ciki. Ya kama wuyansa da hannu biyu yana tsokanar 'yan kallo irin yadda tsohon tauraron Indiana Reggie Miller ya taɓa yi a filin, ashe yatsan ƙafarsa ya taka layi, maki biyu ne ba uku ba, sai da aka je ƙarin lokaci suka ci. Ni ina zaune da waya a hannu wajen ƙarfe huɗun asuba, na yi wata ƙara da sai da aka leƙo daga ɗaki ana tambaya ko lafiya. A wasan farko na zagayen ƙarshe da Oklahoma ma bai bari ba, Indiana ba ta taɓa shiga gaba ba duk daren sai da ya rage ƙasa da rabin sakan ya jefa ta shiga, suka ci 111-110.

Masu cewa shiri ne, da masu yankan tikiti

Abokina na teburin shayi yana da abin kafa hujja, ba zan hana shi ba. A Fabrairun 2025 Dallas ta ba Lakers Luka Doncic cikin dare ba wanda ya ji ƙishin-ƙishin, bayan wata uku kuma Dallas ɗin ta ci ƙuri'ar da ake jefawa don fitar da mai lamba ta ɗaya a zaɓe da damar da ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, ta ɗauki Cooper Flagg. Ko ni na ɗaga gira. Amma tsarin ne aka gina haka tun 2019, ƙungiyoyi uku mafi lalacewa kowacce kashi 14 kawai take da shi, don a rage masu faɗuwa da gangan, shi ya sa Detroit ta zo ta ƙarshe shekara biyu a jere kuma duka biyun lamba ta 5 ta samu. Kuma in da rubutawa ake yi, mai neman kuɗin talla ba zai rubuta wasan ƙarshe tsakanin Oklahoma da Indiana ba alhali ga New York da Los Angeles.

Inda abin ya shafi namu kai tsaye shi ne caca. Yanzu yaro yana kwance a ɗaki da waya zai zuba kuɗi kan wasan da ake bugawa a Denver yana barci, bai san ko mutum uku a ƙungiyar ba, kawai ya ga an ce masana sun ce. Ban da haramcin da kowa ya sani tun a islamiyya, ko ta fuskar lissafi ciniki ne na asara, kamfanin ya riga ya cire ribarsa a cikin farashin, kuma a NBA ana iya sanar da cewa tauraro zai huta saura awa ɗaya a fara, musamman idan wasa biyu ne a dare biyu a jere. Cacar ta fara cin gasar kanta, a Afrilun 2024 aka kori Jontay Porter na Toronto har abada saboda ya ba 'yan caca bayanin sirri kuma ya fice daga wasa da gangan don cacar wasu ta ci.

Ita kuwa Indiana sai da ta ja Oklahoma har wasa na 7. Haliburton ya fara da zafi, jifan maki uku har uku cikin 'yan mintuna, sai ya zo zai kutsa ƙafar dama ta ƙi, ya faɗi yana dukan ƙasa da hannu, jijiyar agara ta tsinke tun a zangon farko. Oklahoma ta ci 103-91. Shi ne na uku da agararsa ta tsinke a zagayen fidda gwanin shekarar, bayan Damian Lillard na Milwaukee da Jayson Tatum na Boston, kuma dukkansu ukun lamba 0 ce a bayan rigarsu, abin da har yau abokina bai daina kawo min shi a matsayin hujja ba.